Ƙwaryar Gwamma

A Zamare, inda Kwara ke lasar gindin gari,
Gwamma ta tura ƙarfe cikin garwashi
har tsininsa ya yi ja.
Ƙwarya ta yi ƙara, hayaƙi ya tashi:
ga kada, ga homa,
ga tsamiya mai reshe uku.

Na ce, "Iya, ina tsamiyar nan take?"
Ta nuna tsakiyar ruwa da haɓa.
"Can aka binne cibiyata.
Shekarar da ruwa ya cinye gungunmu
awaki da tukwane muka kwaso,
ita ta ƙi biyo mu."

Dillalin Yelwa ya taya dubu.
Ta kife ƙwaryar bisa cinya,
ta ƙara wa tsamiyar ganye ɗaya.

Wani kwalekwale ya ratsa ta kan garinsu,
injinsa na tari.