Sifar Bakwai

Ruwan sama ya kwana yana dukan kwano.
A tsibirin Chiloé ba a tambayar yaushe zai ɗauke.
Na hura murhun aji da jiƙaƙƙen itace,
hayaƙi ya riga wuta gaishe ni.
Yara sha ɗaya suka shigo da takalman roba,
suna ƙanshin ulu da gishirin teku.

Na ɗauki alli, na ja layi a allo.
Na ce kada wanda ya gaya mini sunansa,
suna ai kowa yana da shi, har karen maƙwabta.
Ku gaya mini yaya yake.

Rayén ta ce dogo.
Eliseo ya ce siriri, kamar igiyar fatsa.
Na ce ku ƙaro.
Shiru, sai ɗigon rufi a cikin bokiti.
Can daga baya wata ƙaramar murya ta ce miƙaƙƙe,
na rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Muka shiga kusurwoyi:
wannan tsukakkiya, bakin tsuntsu da kifi a ciki,
waccan buɗaɗɗiya, ƙofar coci ranar biki.
Da'ira zagayayya ce, ba ta da wurin kamu.
Alwatika kuwa, mai tsini uku,
Yanira ta ce masifaffiya,
ta ko'ina ka taɓa ta sai ta soke ka.
Na ce wannan ba ya cikin manhaja,
amma dariya ta riga ta tona mini asiri.

Na ja layi biyu kafaɗa da kafaɗa,
masu tafiya har abada ba su haɗu ba.
Littafi ya ba su sunan da ya fi ƙarfin bakin yaro.
Eliseo ya ce, Malama, ai masu gaba ne,
irin gwaggona Herminia da gwaggona Clorinda:
kasuwa ɗaya, jirgi ɗaya,
shekara tara babu ko sannu.

Bayan hutu na zazzage buhun dankali a tebur,
dankalin tsibirinmu,
wani baƙi, wani ja, wani lanƙwasasshe kamar ƙaho.
Na ce ku jera su bibbiyu.
In kowanne ya sami abokinsa, lambar cika ce,
in ɗaya ya yi saura, mara.
Shida cika. Takwas cika.
Baltasar ya sami bakwai.

Ya jera biyu, biyu, biyu.
Na ƙarshen ya damƙe shi, ya ƙi ajiyewa.
Na ce, to, bakwai wace iri ce?
Bai ɗago kai ba.
Ya ce, marainiya.

Na san gidansu, mai ƙafafun katako a bakin ruwa.
Na san kujeru takwas ne a teburin cin abincinsu.
Na san kwale-kwalen da ya fita a watan Yuni,
wanda teku ta maido da filafilinsa kaɗai.

Jan biro yana hannuna.
Takardar amsa ta ce: mara.
Ba ta ce komai ba a kan yaro ɗan shekara takwas
da dankali guda yana ɗumi a tafinsa.
Shekara sha tara ina koyar da sifa,
ina ce wa yara ita ce rigar suna.
Ban san akwai ranar da take zama fata ba.

Ina nan tsaye sai Rayén ta zari ɗaya daga nata takwas,
ta mirgino shi, ya bi tsagar tebur a karkace
har ya tsaya a gwiwar hannunsa.
Eliseo ya yi ihu: to ai yanzu taki ce bakwai!
Ta ɗaga kafaɗa.
Ta ce ba komai, tawa mara ce kawai.

Na rubuta kalmomin biyu a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya,
ban ja wa kowacce layi ba.
Bokiti ya cika har yana zuba.
Baltasar ne ya tashi,
ya ɗauka da hannu biyu, ya kai waje.