Mai Wankin Riguna

Ni ba na shiga fili.
Rabona daga baya yake zuwa, cikin buhu uku,
daren Asabar, in an kashe fitilun Ballarat.
Riga ashirin da uku, duk babu hannu,
da safa wadda kullum sai ɗaya ta yi ɓatan dabo.

A watan Maris ƙamshin kanti suke yi,
busasshiyar ciyawa kawai ke maƙale a wuya.
Yaran ma sababbi ne, 'yan sha bakwai,
ƙafa ta riga jiki girma,
suna bin ƙwallo mai siffar ƙwai
wadda ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin inda za ta faɗa ba.

Lamba tara ta Fintan ce.
Ubansa yakan gama tatsar shanu, ya yi tuƙin awa biyu,
ya yi ta gyangyaɗi a mota har a tashi atisaye.
Talatin da ɗaya ta Kuol,
wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofata.
An ce in ya taka kafaɗar mutum ya cafe ta a sama,
har magoya bayan abokan hamayya sai sun miƙe.

Yuni ya zo da ruwan sanyi,
laka ta cinye lambobin, sai da buroshi nake tono su.
Ba sai an gaya mini sakamako ba:
ranar nasara a jere ake ajiye su,
ranar shan kashi a juye suke zuwa, a cukuikuye,
kamar da faɗa aka tuɓe.
Sau huɗu a jere na yi ta juyawa.

Akwai wasu mutane masu dogayen kwat
da ke jingina da shinge.
Ba sa tafi, ba sa ihu, rubutu kawai.
Ko yaron da bai waiwaya ba ya san suna nan.

Ƙarshen Yuli lamba tara ta dawo a tsage,
yankan almakashi, daga wuya zuwa hammata.
Ƙashin kafaɗa, in ji direba.
Ba wanda ya sa ni, amma na ɗinke ta.
Zaren bai zo daidai da launin ba.

Wasan ƙarshe, Satumba, itatuwa sun fara toho.
Ina rumfar baya ina ƙirga tawul
sai na ji jiniya,
sai shiru,
sai ihu, daga can ɗaya gefen.
Ta goge sanda, aka ce.
Sanda huɗu ne a tsaye:
ta bi tsakiya maki shida, ta taɓa ɗaya tak.
Biyu muke nema.

A Nuwamba aka kira sunaye a talabijin.
Cikin namu duka, Kuol kaɗai.
Uwarsa ta kawo mini tiren nama har gida,
tana dariya, tana share ido:
Perth da nisa, jirgi awa huɗu.
Fintan kuwa na gan shi ranar kasuwar shanu,
yana ɗaga ƙyauren garke da hannun hagu.

Na ninke su, na rufe akwati.
Maris na tafe da wani yaron mai dogayen ƙafafu.
Zai karɓi lamba tara,
ya shafa ɗinkin da yatsa,
ya tambaye ni ko babu wata.