Awon Kwanon Bosun

A Grimsby, inda iska ke yawo da ƙarnin kifi
ko da yawancin jiragen sun yi ritaya,
aka ɗauke ni aikin kula da Desmond Hallam,
tsohon masunci, shekara tamanin da huɗu.
Takardar aiki ba ta ambaci kare ba.
Na tura ƙofa, sai ga shi shimfiɗe a ƙasa
kamar buhun gero da ruwa ya jiƙa.

Bosun sunansa.
Tashi ma sai ya yi shawara da ƙafafunsa.

Ni da nake wanke hannu sau bakwai in yawun kare ya taɓa ni,
ni ce ranar Laraba na riƙe igiyarsa zuwa asibitin dabbobi.
Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san sauran maganar.

Likitar, wata doguwa mai suna Marchant,
ta kama hannuna ta ɗora a haƙarƙarinsa.
Ta ce, lalubi ƙashi.
Na laluba. Babu. Sai taushi kamar ƙullin fanke.
Ta kai hannuna cinyarsa ta baya: nan kuma fayau,
tsoka ta zube, saura fata.
Ashe kallon kitse muke yi wa rogo.
Ƙiba a sama, rama a ƙasa.

Ta ce kitse ba abokin gaba ba ne,
shi ke sa gashi sheƙi, shi ke riƙe ɗumi,
amma na wannan ya wuce gona da iri.
A rage maiƙo, a bar masa furotin,
tsohon kare da ƙodarsa ke lafiya yana bukatar abin gina jiki.
Ta juya buhu ta nuna mini lambobi:
ashirin da takwas cikin ɗari, wannan na tsoka,
tara cikin ɗari, wannan na kitse.
Na rubuta a bayan tikitin bas.

A hanyar gida na tuna Duna, karen farautar babana a Malumfashi.
Wa ya taɓa auna masa abinci?
Ƙanzo, ruwan wanke tukunya, kan zomo in an yi sa'a.
Haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga bakin rijiya.
Bai kai shekara bakwai ba.
Na daina dariyar da na fara.

Yanzu kowace safiya sikelin kicin ne alƙali.
Farin kifi dafaffe, ƙirjin kaza ba fata, rabin ƙwai,
ƙwayoyin buhu a auna, ba a kintata ba.
Bosun ya lashe kwano cikin ƙiftawar ido,
ya ɗago ya dube ni kamar na ci masa gado.

Wata uku, allurar sikeli ta ƙi motsi.
Sai ranar da na dawo ɗaukar lemata
na kama tsoho da hannu a ƙarƙashin tebur:
ɓawon soyayyen kifi, mai na ɗiga,
da rabin abincin da na dafa masa shi kansa.

Ya ce, Ladidi, matata ce ta saba masa.
Ya ce, ni ba na jin yunwa tun da ta tafi.

Na dubi damtsensa, wanda ya ja taru shekara arba'in,
agogo na zamewa har gwiwar hannu.
Lambobin likita ba su san da wannan ba.

Washegari na dafa kifi biyu.
Na ce, ba zan ajiye kwanon Bosun ba
sai na ga ƙasan farantinka.
Ya zage ni da Turancin bakin teku.
Ya ci.

Jiya, a rairayin Cleethorpes,
karen ya yi wa wani tsuntsun teku gudu taku goma sha ɗaya.
Desmond ne ya ƙirga.
Na sa hannu a gefen Bosun, na ji ƙashi ɗaya, biyu.
Na je gida na wanke hannun, sau bakwai, kamar kullum.