Kujerar Gefen Teku

Mun bar Kwalambo tun hankaki ba su gama gardamar asuba ba:
jaka uku, yara uku, laima ɗaya mai karyayyen haƙarƙari.
Upali ya cije tikiti da haƙora
don hannayensa na kan wuyan rigar Tharindu,
yaron da in ka sake shi, sai dai ku haɗu a tasha ta gaba.

Jirgin ƙasa ya cika maƙil, ba masaka tsinke.
Wani dattijo ya miƙe ya ba ni wuri.
Na duba, kujerar gefen teku ce.
Na ce, “Baba, zauna abinka,”
na tsaya da jaririya a ƙirji, na ba ruwa baya,
ina kallon shanyar mutane
da karnukan da ke barci a inuwar ayaba.

Hiruni ta zira kai ta taga.
“Mama, teku na bin mu!”
Shekarunta shida, komai na duniya bin ta yake yi:
jiya wata, shekaranjiya inuwarta, yau kuma teku.

A Kalutara mai talla ya shigo da kwando,
ƙosai mai zafi, jatan lande kwance a bayan kowanne.
Na sayi shida, na ƙirga biyar,
Tharindu ya rantse, maiƙo na sheƙi a leɓensa.
Jaririya ta yi tumbuɗi a kafaɗar wani ɗan makaranta,
bakinsa ya ce ba komai,
fuskarsa ta ce da komai.
Kafin Ambalangoda, takalmin Hiruni ƙafa ɗaya
ya zame ta ƙofa, ya tafi yawon duniya.
Ta yi kuka tsawon tasha biyu.

Bayan nan akwai wani wuri da ba na kiran sunansa.
In mun kusa, Upali kan ɗaga murya:
“Wa zai riga ni ƙirga bishiyar kwakwa ɗari?”
Su suna ƙirga, ni ina runtse ido.

Ina da shekarun Hiruni har da ɗoriya
ranar da teku ta ja da baya kamar mai jin kunyar baƙi,
ta bar kifi na tsalle a fili.
Yayana Gamini ya ɗauki bokiti da gudu,
ya ce in jira shi a gindin kwakwa.
Sai ta dawo.
Ko bokitin ba mu gani ba.

Weligama. Tsohuwata na bakin tasha,
ta ƙara ƙanƙancewa, kwakwa ja biyu a hannunta.
Ta shinshina kan jikokinta ɗaya bayan ɗaya,
ni kuwa ta ce na rame.
Muka ci shinkafa da miyar kifi a ganyen ayaba,
yaji ya sa Tharindu hawaye, ya ƙi ya daina ci.

Da la’asar yara suka kafe sai bakin ruwa.
Masunta na zaune kan sanduna, shiru kamar zalɓe.
Na tsaya can inda yashi yake a bushe,
iyakata ke nan shekara da shekaru.
Hiruni ta zo tana ɗingishi da takalmi ɗaya,
ta kama ɗan yatsana.
“Ki zo ki gaishe ta mana, tun safe take raka mu.”

Yaro bai san wuta ba sai ya taka, in ji manya.
Ni da na taka, ga shi yarinya na ja na.

Ruwan ya taɓa idon sawuna.
Ɗumi gare shi, kamar ruwan wankan jariri.
Ban yafe ba.
Na dai tsaya.

Sai Hiruni ta cire takalmin da ya rage,
ta wurga iya ƙarfinta.
“Ki kai wa ɗan’uwansa!”
Ya yi lilo a kan kumfa, ya nutse, ya ɓullo,
igiya ta uku ta turo shi
har gaban ƙafata, ta ajiye, ta koma.

Na sunkuya na ɗauka, yashi na zuba daga cikinsa.
A hankali, yadda yara ba za su ji ba, na ce mata:
ashe kin iya mayarwa.