Kwana Ashirin da Ɗaya

A hawa na huɗu nake, a birnin Ostrava,
inda hunturu ke lasar taga har ta yi fari.
Shekara talatin na sha ƙurar kwal a cikin rami,
yau ga ni da furfura ina kiwon ruwa
a akwatin gilashi mai tsawon gaba guda:
duwatsu a jibge, yashi a shimfiɗe,
da 'yan kifin Tabkin Malawi, dangin karfasa,
tabkin da ban taɓa gani ba sai a taswira.

Namijin shuɗi ne, ga ji da kai.
Ya share dandali, ya yi ta karkarwa yana zagaye,
macen, ruwan ƙasa-ƙasa, ta zo ta zuba ƙwai,
ta juyo ta tsince su ɗaya-ɗaya da baki.
Ta rufe.

Daga ranar haɓarta ta kumbura.
In na barbaɗa abinci kowa ya yi wawa,
ita sai ta laɓe bayan dutse
tana juya abin da ke bakinta a hankali
kamar mai taunar maganar da ba ta nuna ba.

Na san irin wannan shirun.
Tun da muka kai Drahomíra makwancinta
nake yawo da baki cike.
'Yata Zdislava kan bugo daga Brno:
"Baba, ka ci abinci?"
In ce na ci.

Daren sha huɗu wuta ta ɗauke.
Hita ta mutu, kumfa ta tsaya,
ma'aunin zafi ya kama sauka
kamar kejin da ke kai mu ƙasa da asuba.
Na lulluɓe akwatin da bargon matata,
na dafa ruwa a risho, na ɗura a kwalabe,
na sa su ciki suna lilo,
ina kaɗa ruwan da ludayin miya,
gwiwa na kuka, ina ba ta haƙuri.
Gari ya waye, na ɗaga bargo.
Ta rame, ido ya fito,
bakin nan dai a garƙame.

Maƙwabcina Květoslav ya ce, "Kamo ta mana,
buɗe bakin da tsinke, a zazzage 'ya'yan,
haka 'yan kasuwa ke yi."
Na ce mai kaya ya san inda zai sauke.
Na dai sa mata shinge, kada shuɗin ya dame ta.

Ran ashirin da ɗaya, shayi a hannuna,
ta buɗe.
Suka watsu kamar tsakin shinkafa mai idanu.
Na ƙirga sha tara, na sake, sha bakwai,
ba sa tsayawa a ƙirga su.
Inuwar hannuna ta gifta,
kafin ƙiftawa duk sun koma ciki,
sai wani da ya makara, wutsiya a waje tana reto.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Kwana huɗu tana buɗe musu ƙofa.
Na biyar suka taru a bakinta,
ta kau da kai, ta nufi abinci,
ta ci kamar mai biyan bashi.
Su kuma na murje musu gari tsakanin yatsu,
suka bi shi, kowa da nasa gefen.

Da yamma ni na buga wayar.
Kafin Zdislava ta gama gaisuwa na ce,
"Zauna. Na taɓa gaya miki
yadda uwarki ta jira ni a bakin rami
ranar da rufin ya rufta?"