Aikin Dare a Akita

Dusar ƙanƙara ta rufe gari tun la'asar.
A ɗaki na tara, na'ura ce ke ɗaga Tomekichi
daga gado zuwa kujera, hannunta ba ya rawa,
ba ta taɓa cewa bayanta ya gaji ba.
Nawa kuwa ya gaji tun ina 'yar talatin.

Ta san bugun zuciyarsa, ta san gishirin jininsa,
ta san sau nawa yake juyi kafin asuba.
Kwana uku tana rubuta mini abu ɗaya a allo:
bai ci ba, bai ci ba, bai ci ba.
Ta sauya miya, ta rage zafi, ta ƙara taushi.
Ya kau da kai, ya dubi taga.

Ran da na ce adabi zan karanta, innata ta yi dariya:
"Chizuru, baiti ba ya cika tukunya.
Nan da shekara goma ƙarfe zai yi kome."
Ba ta yi ƙarya ba. Ga ƙarfen nan yana aiki,
ya fi ni haƙuri, ya fi ni tuna lokacin magani.

Daren jiya tsohon ya yi gunaguni
da harshen masunta, wanda ya kusa bin kakanninmu kushewa.
Na'ura ta ce: magana ba ta fita, a kira likita.
Ni kalma ɗaya na tsinta. Na taɓa cin karo da ita
a wani kundi mai warin danshi,
shekarar da ake cewa ina ɓarnar kuɗin makaranta:
sunan iskar da ke tasowa kafin jirgi ya ɓata.

Na ɗauko takarda da buroshi, na niƙa tawada.
Yatsunsa na karkarwa ya ja layi, ya karkace,
ya ƙara wani a bisa. Kwalekwale.
Ya ɗiga mutum biyu a ciki,
sai ya shafe ɗaya da babban yatsa.
"Ƙanena," in ji shi. "Watan nan ne.
Shekara sittin da ɗaya."

Me zan ce?
Na zuba shinkafa a kwano biyu,
ɗaya gabansa, ɗaya gaban zanen.

Da asuba allo ya haska:
ya ci rabi. Dalili: ba a sani ba.
Na wanke masa tawadar hannu,
na bar ta babban yatsan.
Na'ura ta matso a hankali,
ta ja masa bargo har wuya.