Ranar da Biskit Ta Je Gasa

Maƙwabciyata Maureen ta buga ƙofa da asuba,
motarta ta ƙi tashi, ga Harrogate da 'yar tafiya.
Ta ce, "Gambo, taimaka, yau Biskit ke da gasa."
Na ɗauka za a saki zomo ne a bi shi da gudu.
Muka loda tebur, buroshi bakwai, da hoda,
da injin busar gashi da ya fi wayata tsada.
Biskit a kujerar gaba, mai ita a baya.

Karnuka fal rumfa, ba mai haushi ko ɗaya.
Ni da na san Duna, mai kwana a bakin zaure,
ladansa ƙanzo da "kai, tafi can,"
sai na ji an kira Biskit da sunan takarda:
Gimbiyar Raɓar Asuba ta Gaɓar Kogin Nidd.
Kakanninta goma sha biyu a rubuce.
Nawa sun tsaya a huɗu, na biyar ana gardama.

Sai yare ya ɓalle.
Wata na alfahari nata ƙafar kyanwa gare shi.
Wancan, in ji su, wuyan tunkiya ne, abin kunya,
na gefensa dugadugan saniya,
ga hancin malam-buɗe-littafi, kunnen fure, jelar lauje.
Na ce, "Maureen, a taron nan akwai kare kuwa?"
Ta ce, "Shiru, ana duba kayan ɗaki."
Na waiga neman gado da kujera,
ashe gemu ake nufi da gira.

Alƙali ya fito da kwat, ba shari'ar gona ba.
Ya ɗaga leɓe ya leƙa: "Cizon almakashi, madalla."
Ya shafa gadon baya kamar mai tayin sa a kara,
ya kai hannu inda ba na faɗa da bakina.
Kare bai ce uffan ba,
ni ne na kau da kaina.

Maureen ta ɓoye soyayyar hanta a kuncinta,
tana ciro ta kaɗan-kaɗan, Biskit na bin bakinta.
Suka zaga fili da sassarfa, siket na kaɗawa,
shekara saba'in da ɗaya, ciwon gwiwa ya tafi hutu.

Aka yi kare jini biri jini,
Biskit ta zo ta biyu.
Lada? Shuɗin ƙyalle an naɗe shi kamar fure.
Fetur fam arba'in, ni da yunwa tun safe.
Na ce a raina an tashi ba kare bin damo,
amma Maureen na share hawaye da hannun riga,
tana cewa, "Ka shaida wa mutanen gida."

Da dare na rubuta wa Yaya Talatu,
wayar tawa ba ta san ƙugiyar harafi ba:
"Yau na kai babbar karya gasa, ta zo ta biyu."
Ta amso nan take:
"Da ma tun kana yaro ka iya ta.
Wane ne ya fi ka, har ya zo na ɗaya?"